Yadda Ake Bin Salsalar Matar Amurka Ta Ƙarni Na 19

Gano asalin namijin da ya rayu a Amurka tsakanin 1800 da 1900 aiki ne mai sauƙi idan aka gwada shi da na mace. Namiji yana sayen fili da sunansa, yana biyan haraji, yana jefa ƙuri'a, yana shiga soja, kuma kowanne daga cikin waɗannan yakan bar takarda. Ita kuwa mace, dokar da Amurkawa suka gada daga Ingila ta ɗauka cewa da zarar an ɗaura mata aure, ita da mijinta sun zama mutum ɗaya a idon shari'a, mutumin kuma shi ne mijin. Sunan gidansu ya faɗi, ta ɗauki na miji. Dukiyarta ta koma hannunsa. Sai a 1839 jihar Mississippi ta fara ba matar aure damar mallakar dukiya da sunanta, New York ta biyo baya a 1848, sauran jihohi kuma suka riƙa biyowa a hankali. A al'adarmu mace takan riƙe sunanta da na mahaifinta har ta koma ga Mahalicci, don haka mai bincike Bahaushe yana bukatar ya san wannan bambancin tun kafin ya fara. Idan ka dage sai ka same ta a ƙarƙashin sunanta kaɗai, za ka gaji. Ana samun ta ne a takardun mutanen da suka kewaye ta: uba, miji, 'yan'uwa, 'ya'ya, maƙwabta, ko kuma wanda ya riƙe ta a bauta.

Zan riƙa kawo misali da Harriet Tubman, baƙar fatar da ta tsere daga bauta ta kuma taimaka wa wasu bayi tserewa, domin rayuwarta ta tattaro kusan duk matsalolin da mai bincike zai ci karo da su.

Mataki na ɗaya: fara daga rasuwarta, ka tattara sunayenta

Ana tafiya ne daga abin da aka sani zuwa abin da ba a sani ba, wato daga ƙarshen rayuwa a koma baya. Ka ɗauki takarda ka rubuta yaushe ta rasu, a ina, wa ya bari, sannan ka jera duk sunan da aka taɓa kiranta da shi. An haifi Harriet Tubman da suna Araminta Ross, ana ce mata Minty. Ta auri John Tubman wajajen 1844, ta ɗauki sunan mahaifiyarta Harriet, daga baya a 1869 ta auri Nelson Davis. Mace ɗaya ke nan, amma takardunta suna warwatse ƙarƙashin Ross, Tubman da Davis. Wanda bai san da aure na biyu ba, ba zai taɓa ganin takardun fanshonta ba.

Ka kuma koyi laƙabobin zamanin, domin magatakarda yakan rubuta abin da ya ji ana kira. Polly ita ce Mary, Sally ita ce Sarah, Patsy ita ce Martha, Peggy ita ce Margaret, Betsy ita ce Elizabeth, Nancy kuma sau da yawa Ann ce. Mutane da dama sun ba mutum mata biyu a salsalarsa, Mary da Polly, alhali mace ɗaya ce. Akwai kuma akasin haka: mutum ya rasa matarsa Sarah, ya sake auren wata Sarah, sai masu bincike su haɗe su. Jaridu kuwa sukan ambaci matar aure da cikakken sunan mijinta, a sa "Mrs." a gaba kawai, saboda haka ka nemi sunan mijin ma.

Mataki na biyu: tsayar da gunduma

Jihohin Amurka sun kasu zuwa gundumomi, kuma a yawancinsu kotun gunduma ce ke ajiye rajistar aure, cinikin fili da rabon gado. Sanin jiha kaɗai bai isa ba. Iyakokin gundumomi sun yi ta sauyawa, har iyali kan zauna a gona ɗaya shekara hamsin amma takardunsu su rabu a kotuna uku. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago ya sa taswirorin waɗannan sauye-sauyen a intanet kyauta. West Virginia ma sai a 1863 ta ɓalle daga Virginia. Ka kuma bincika ko kotun ta taɓa ƙonewa: ta gundumar Dorchester a Maryland, inda aka haifi Harriet, ta ƙone a 1852, gobarar Chicago ta 1871 kuma ta cinye takardun gundumar Cook.

Mataki na uku: bi ta cikin ƙidayar jama'a, ɗaya bayan ɗaya

Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma ana sakin takardun ga jama'a bayan shekara 72. Za ka iya duba su kyauta a shafin intanet na FamilySearch, ko da kuɗi a shafin Ancestry. Ka fara da ƙidaya ta ƙarshe da ta same ta da rai, ka riƙa komawa baya ba tare da tsallake ko ɗaya ba, domin kowacce da abin da ta tambaya.

Ta 1900 ita ce mafi albarka ga mai neman mace. Ta rubuta wata da shekarar haihuwa, shekaru nawa aka yi da aure, 'ya'ya nawa matar ta haifa, nawa ne ke raye. Idan ta ce ta haifi tara, shida na raye, kai kuma biyar ka sani, to akwai sauran aiki a gabanka. Idan babban ɗa a gidan yana da shekara ashirin amma auren shekara goma sha biyu ne, ka yi zargin cewa ɗan wata matar ce ta farko, ko kuma ita ce ta zo da shi.

Ta 1890 kusan duk ta salwanta sakamakon gobarar da ta tashi a ginin Ma'aikatar Kasuwanci a Washington a Janairun 1921. Wannan giɓi na shekara ashirin babbar asara ce ga tarihin mata musamman, domin yarinyar da aka haifa a 1881 tana iya yin aure kafin 1900 ba tare da ta taɓa bayyana a gidan ubanta ba. Ana cike giɓin da ƙidayar da wasu jihohi suka yi da kansu, kamar ta New York ta 1892 da ta Kansas ta 1885 da 1895.

Ta 1880 ita ce ta fara faɗin dangantakar kowa da maigida, da kuma jihar ko ƙasar da aka haifi iyayen kowa. A nan ka buɗe ido sosai. Idan ka ga tsohuwa a gidan an rubuta ta surukar maigida, to mahaifiyar matar ce, kuma mai yiwuwa sunanta shi ne sunan gidansu, sai dai idan ita ma ta sake aure. Haka nan ƙanin mata da ke zaune tare da su.

Ta 1850, 1860 da 1870 sun ambaci kowa da sunansa (ban da bayi a 1850 da 1860), da shekaru da wurin haihuwa, amma ba su faɗi dangantaka ba. Kada ka ɗauka duk macen da ke bin sunan maigida matarsa ce, tana iya zama ƙanwarsa. Daga 1840 zuwa baya kuwa maigida kaɗai ake rubutawa, sauran mutanen gida sai lissafi: mata kaza masu shekaru kaza zuwa kaza. Amfanin wannan shi ne gwaji. Idan kana zaton wane ne ubanta, ka duba ko akwai yarinya mai irin shekarunta a gidansa a lokacin.

Shawarata a nan, kuma ina ganin ita ce mafi muhimmanci a duk wannan mataki: kada ka tsaya ga abin da shafin intanet ya kwafo maka. Ka buɗe hoton takardar da kanta, ka karanta gida goma kafin nasu da gida goma bayan nasu. Mai ƙidaya yana bi gida-gida ne, kuma a ƙauyukan wancan zamani saurayi ba ya zuwa nesa neman aure. Sau da yawa iyayen matar suna shafi ɗaya da ita.

Mataki na huɗu: nemo sunan gidansu

Rajistar aure ita ce hanya mafi kusa, kuma yawanci ana ɗaura aure a gundumar amarya. A Virginia, North Carolina, Kentucky da Tennessee ango yakan sa hannu a takardar lamuni kafin aure, tare da wani mai tsaya masa, wanda sau da yawa uban amarya ne ko wanta. Idan amarya ba ta kai shekarun da doka ta yarda ba, za ka iya samun 'yar takardar amincewar uba ko waliyyi. Ka kula da ko an kira ta budurwa ko matar da ta taɓa aure, domin sunan da ta yi aure da shi yana iya zama na marigayin mijinta.

Ba ko'ina ake da wannan rajista ba. South Carolina ba ta wajabta lasisin aure ba sai 1911, Pennsylvania kuma sai 1885. Rajistar haihuwa da mutuwa ma haka: Massachusetts ta fara a 1841, Virginia ta yi daga 1853 zuwa 1896 ta dakata har 1912, jihohi da yawa kuma sai bayan 1900.

Idan tata takardar ba ta samu ba, ka koma kan 'ya'yanta, dukansu, har waɗanda ba ta kansu kake bi ba. Takardar shaidar mutuwar ɗan da ya rasu a 1925 takan tambayi sunan gidan mahaifiyarsa. Fom ɗin neman lambar tsaron zamantakewa, wanda aka fara cikewa a 1936, shi ma yana tambaya, kuma ya fi ƙarfi domin mutum da kansa ya cike shi. Ƙidayar jihar Iowa ta 1925 ta tambayi kowa sunan ubansa da sunan gidan uwarsa. Ka kuma duba sunayen tsakiya na 'ya'yan, domin iyalai da yawa sukan sa sunan gidan uwa a matsayin sunan tsakiyar ɗa. Wannan alama ce kawai, sai ka samo takardar da ta tabbatar.

Mataki na biyar: bi gado da fili

Inda dukiya take, doka ba ta mantawa da mace. Wasiyyar uba takan ce "ga 'yata Sarah, matar wane", jimla ɗaya ta haɗa maka uba, 'ya da suruki. Abin da ya fi wasiyya ma shi ne mutum ya mutu bai bar ta ba, domin a lokacin dole kotu ta lissafa magada kaf, a kira kowace 'ya da sunan mijinta, wani lokaci har da jihar da suka ƙaura. Ka nemi fayil ɗin gadon gaba ɗaya: jerin kayan mamaci, rasit ɗin da magada suka sa wa hannu, da sunayen waɗanda suka sayi kaya a gwanjo, waɗanda galibinsu dangi ne. Idan uba ya rasu ya bar ƙananan yara, akwai takardar naɗa waliyyi mai ɗauke da sunayensu. Kada ka manta da gwaggo ko kawun da ya mutu ba shi da ɗa, domin gadonsa yakan fallasa zuri'a guda.

Takardun cinikin fili su ma haka. A yawancin jihohin gabas matar aure tana da haƙƙin cin amfanin kashi ɗaya bisa uku na filayen mijinta bayan rasuwarsa, muddin ranta. Saboda haka idan miji zai sayar da fili, sai jami'in kotu ya keɓe matar, ya tambaye ta ko da yardarta ta sarayar da wannan haƙƙin, a rubuta a ƙasan takardar. Ta haka za ka san cewa a shekara kaza tana raye kuma sunanta kaza. Idan a 1846 Elizabeth ce ta sa hannu, a 1851 kuma Jane, ka san tsakanin shekarun nan an yi rasuwa an yi sabon aure. A littafin jerin sunaye sau da yawa ba a sa sunan matar, sai a rubuta "et ux." bayan na mijin, ma'ana shi da matarsa. Dole ka buɗe takardar. Idan kuma ka ga wani dattijo ya sayar wa ma'aurata fili a kan dala ɗaya, ko ya ce ya ba su ne saboda ƙauna, ka binciki dattijon nan.

A yammacin ƙasar, dokar rabon filaye ta 1862 ta ba budurwa mai shekara 21 da matar da mijinta ya rasu damar karɓar eka 160 da sunanta idan ta zauna a kai shekara biyar. Ana iya neman sunayen a shafin Hukumar Kula da Filaye ta tarayya, cikakken fayil ɗin kuma yana Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa.

Mataki na shida: fanshon soja

Idan mijinta, ɗanta ko ubanta ya yi wa rundunar Arewa Yaƙin Basasa na 1861 zuwa 1865, ka yi sa'a. Matar sojan da ke neman fansho dole ta tabbatar da aurenta, da ranar haihuwar 'ya'yanta ƙanana, da cewa ba ta sake aure ba. Inda babu rajista, sai a kawo shaidun rantsuwa daga maƙwabta, 'yan'uwa, ungozoma ko fasto. Wasu matan sun yage shafin da aka rubuta tarihin iyali daga Littafi Mai Tsarki na gidansu suka aika, kuma yana nan cikin fayil har yau. A irin waɗannan takardu ne za ka ji muryar matar da kanta, abin da da wuya ka samu a wani wuri.

Mijin Harriet na biyu ya rasu a 1888, amma ya yi soja ne da wani suna daban, Nelson Charles, abin da ya ja mata jinkiri. A 1895 aka fara ba ta dala 8 a wata, a 1899 majalisa ta ɗaga zuwa dala 20. Fayilolin Arewa suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Washington, shafin Fold3 kuma yana da katunan neman su da wani ɓangare na fayilolin. Na sojojin Kudu jihohi ne suka biya, don haka a ma'adanar jihar da matar ta zauna za ka nema.

Mataki na bakwai: coci, jarida da maƙabarta

Rajistar baftisma ta Katolika takan rubuta sunan gidan uwa, masu tsaya wa jariri kuma galibi dangi ne. Kiristoci 'yan ɗarikar Kweka suna da taron mata na daban mai littafinsa, suna rubuta aure, ƙaura, har da korar wadda ta auri wanda ba ɗan ɗarika ba. Jaridu kyauta suna shafin Chronicling America na Ɗakin Karatun Majalisar Amurka, kuma sanarwar rasuwa takan lissafa 'yan'uwa maza da suka rage, ga sunan gidansu ke nan. A shafin kaburbura na Find a Grave ka duba waɗanda aka binne kusa da ita.

Mataki na takwas: idan an haife ta cikin bauta

A nan aikin ya fi nauyi, a zuciya da kuma a takarda. Ƙidayar 1870 ita ce ta farko da ta kira mafi yawan baƙaƙen fatan Kudu da sunayensu. A 1850 da 1860 an yi wa bayi jeri na daban, inda aka sa sunan ubangida, su kuma shekaru, jinsi da launi kawai. Don haka sai ka gano wanda ya riƙe ta, sannan ka binciki gidansa kamar nasa asalin kake nema: wasiyya, jerin dukiya, takardun ciniki, jingina, da kyautar aure, domin iyaye sukan ba 'yarsu bayi ta tafi da su gidan miji. Kada ka ɗauka lallai ta ɗauki sunan ubangida na ƙarshe. 'Yan'uwan Harriet maza, bayan sun tsere zuwa St. Catharines a Kanada, Stewart suka koma amsawa.

Dubi yadda aka haɗa nata tarihin duk da gobarar 1852. Mahaifiyarta Harriet, wadda ake kira Rit, tana hannun gidan Brodess, mahaifinta Ben Ross yana hannun Anthony Thompson. A lissafin kuɗin Thompson aka ga an biya ungozoma dala 2 a Maris na 1822 domin karɓar haihuwar da Rit ta yi. A jaridar Cambridge Democrat ta Oktoban 1849, Eliza Brodess ta ba da cigiyar Minty, mai kimanin shekara 27, tare da 'yan'uwanta biyu. Takardun nan biyu sun yi daidai da juna. Ita kanta Harriet, tun tana cikin bauta, ta biya lauya dala 5 ya binciki matsayin mahaifiyarta, ya gano wasiyyar Atthow Pattison wadda ta nuna ya kamata a 'yanta Rit tana shekara 45, amma magada suka ƙi cikawa. 'Yan'uwanta mata uku, Linah, Mariah Ritty da Soph, an sayar da su zuwa nesa, iyalin kuma ba su sake ganinsu ba.

Bayan yaƙi akwai takardun Hukumar 'Yantattun Bayi, 1865 zuwa 1872, masu ɗauke da yarjejeniyar ƙodago, rabon abinci da rajistar aure. Akwai na Bankin 'Yantattu, 1865 zuwa 1874, inda mai buɗe asusu yakan faɗi sunan uba, uwa, 'yan'uwa da wurin haihuwa. A 1866 Virginia da North Carolina sun yi rajistar ma'auratan da suka zauna tare tun zamanin bauta. Sai cigiyar da mutane suka yi ta bugawa a jaridu irin su Christian Recorder ta Philadelphia, shekaru da dama bayan 'yanci, suna neman uwa ko 'yar da aka raba su da ita. Jami'ar Villanova ta tattara dubban su a shafin Last Seen.

Mataki na tara: idan daga wata ƙasa ta zo

Jerin fasinjojin jiragen ruwa ya fara daga 1820. Masu sauka a New York ta Castle Garden suka bi daga 1855 zuwa 1890, Ellis Island kuma sai 1892 aka buɗe. Kada ka ɓata lokaci neman takardar zamanta 'yar ƙasa: daga 1855 zuwa 1922 matar aure tana samun wannan matsayi ne ta hanyar mijinta. Tasa za ka nema.

Mataki na goma: auna kowace shaida

Takardu za su saɓa wa juna, wannan tabbas ne. Shaidar mutuwar Harriet ta nuna 1815, dutsen kabarinta a maƙabartar Fort Hill da ke Auburn ya ce 1820, ita kuma ta taɓa cewa 1825. A kowace takarda ka tambayi abu biyu: wa ya ba da labarin, kuma shekara nawa bayan faruwar abin? Lissafin da aka rubuta lokacin haihuwa ya fi maganar wanda ya cike shaidar mutuwa bayan shekara casa'in. Labarin baka ka rubuta shi da daraja, ka kuma rubuta cewa na baka ne. An gaya wa Harriet tun tana yarinya cewa tsatsonta Ashanti ne, an kuma san kakarta Modesty daga Afirka aka kawo ta, amma ba a samu takardar da ta faɗi ƙabilarta ba.

Salsalar da wasu suka ɗora a intanet ka ɗauke ta a matsayin manuniya, domin kuskure ɗaya ana kwafarsa sau ɗari. Kama da wane ba ta wane: Mary Smith biyu masu shekaru ɗaya a gunduma ɗaya abu ne da aka saba gani, kuma miji, fili da maƙwabta ne ke raba su. Gwajin ƙwayar halitta yana taimakawa. Irin wanda ke bin tsatson uwa zalla yana iya nuna ko mata biyu sun fito daga kaka ɗaya, amma sai an samu jikokin da suka gangaro ta 'ya'ya mata ba yankewa, kuma ba ya faɗin suna.

Ka ajiye littafi guda da za ka riƙa rubuta kowace takarda da ka duba, inda take, lambar shafi, da abin da ka samu, har da wadda ba ka samu komai a ciki ba. Takardun kotu da yawa an ɗauki hotonsu a FamilySearch ba tare da an jera sunayen ciki ba, sai ka shiga ta sunan gunduma ka riƙa buɗewa shafi-shafi. Waɗanda ba su hau intanet ba kuwa, ka rubuta wa magatakardan kotun gundumar ko ƙungiyar tarihi ta yankin, ka faɗi cikakken suna, irin takardar da shekarun da kake so a duba, ka kuma tambayi kuɗin kwafi tun a wasiƙar farko.